Shirun da Na Yanke wa Kawu

Tun da na dawo daga Garwa abokai suka hana ni sakat. A wurin aiki, a teburin mai shayi na Gwallameji, har a bakin masallaci, tambayar ɗaya ce: "Musbahu, yaya Kamaru?" Nakan ce lafiya lau, akwai kifi. In an matsa in ƙara da labarin burodinsu. Abin da ya kai ni can ne nake ta kewayewa. Ina jin gara in rubuta shi sau ɗaya, tunda da baki na kasa.

Sai na fara da aikina, don daga nan abin ya taso. Bayan na gama jami'a na yi shekara biyu a zaune, sannan wani ƙaramin situdiyo ya ɗauke ni tace murya. Akan kawo wa'azi, ko talla, ko jawabin taro, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in cire tari da gyaran murya da duk inda mai magana ya yi shiru. Ogana ba ya son jin shiru ko na daƙiƙa uku. Ana yabona da tsaftar aiki, kuma gaskiya nakan ji daɗin yabon.

Kawu Sale yayan mahaifiyata ne. A Ƙofar Wambai yake, gyaran agogo ne sana'arsa, har zuwa shekara uku da suka wuce da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Abin da ba a cika faɗa a gidanmu ba shi ne, yana saurayi ya yi kiɗa. Su biyar ne, a wurin makaɗan soja na barikin Shadawanka suka koyi kayan. Kawu shi ke kaɗa ogan, irin fiyanon nan mai dogon numfashi. Kiɗan rok na Turawa suke yi, amma ba na rawa ba. Waƙa ɗaya sai ta ci minti ashirin, ta tashi a hankali, ta yi gudu, ta tsaya, ta sake wata hanya. Mai rubuta waƙoƙin da rera su wani Bafulatanin Garwa ne da karatu ya kawo Bauchi, sunansa Hamman.

Kakanmu malami ne. Ya ce wa Kawu ko ogan ko gidansa. Kawu ya zaɓi gida, ba wanda zai ga laifinsa a nan. Laifin da shi yake gani, bai gaya wa abokansa ba. Ranar da za su tafi Jos naɗar faifansu na farko, suka yi ta jiransa a tasha, bai fito ba. Faifan bai yiwu ba. Hamman ya koma ƙasarsu, ya ci gaba da kiɗa da wasu, ya yi suna a can. Sama da shekara arba'in ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Kwatsam wani direban tirela ya kawo wa Kawu ambulan. Faifan sidi ne a ciki, wanda Hamman ya yi shi kaɗai da tsufansa, daga shi sai jitarsa. Ba wasiƙa, ba komai. Kawu ba shi da abin kunnawa, sai ya ba ni in juye masa a waya.

Waƙa huɗu ce, ta ƙarshe minti ashirin da biyu. Ban saurare su ba, kallonsu na yi, kamar yadda nake yi wa aikin ofis. Kwamfuta tana zana sauti ne tudu da kwari, inda kuwa ba sauti sai layi ya miƙe. A waƙar ƙarshe, wajen minti na sha huɗu, na ga layi ya miƙe har minti ɗaya da rabi. Na sa kunne, ba komai sai wani ɗan ƙwas-ƙwas can ƙasa. Na juya faifan na ga duk ya karce a hanya. Na ce lalacewa ce. Na yanke wurin, na haɗa baki da baki, na bi shi sau uku har ni kaina na daina gane mahaɗar. Ban gaya wa Kawu ba, don a ganina ba abin faɗa ba ne.

Bayan la'asar na kunna masa a zaure da 'yar sifika. Ya lumshe ido har waƙa uku. Ta huɗu na farawa ya gyara zama.

"Wannan tamu ce," in ji shi. "Ita za mu je yi a Jos."

Da ta yi nisa sai na ga ya ɗaga hannun dama a hankali, yatsu a buɗe. Muryar Hamman ta sauka, nan take ta sake tashi. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya koma kan cinya.

"Mayar baya."

Na mayar. Ya sake ji.

"Nan ne nake shiga," ya ce. "Ya ɗinke wurin. To, ya yi daidai. Ni na fara barinsa."

Na duba waya, minti na sha huɗu ne. A nan ya kamata in yi magana, na sani. Amma sai na ce wa kaina ai ban tabbata ba. In na ce an bar masa wuri, daga baya ya zamana karcewar faifai ce, na ɗaga wa tsoho marar lafiya rai a banza. Hujjar ba ta da laifi, sai dai ba ita ce ta rufe mini baki ba. Kunya ce.

Bayan kwana biyu ya aika aka kira ni. Ya sa aka ciro masa wani tsohon littafi daga ƙasan akwati, mai baƙin bango, wanda suke rubuta waƙoƙinsu a ciki. Na Hamman ne, a hannun Kawu ya kwana ranar da bai je tasha ba.

"Irin wannan ba a ba direba," ya ce. "Hannu da hannu za ka kai. Ka ce masa na ji, na gode, ga kayansa."

Na karɓa na ce to.

Na ɗauki hutun mako guda. Takardun tafiyata, fasfo da katin rigakafi, na yi musu kwafi uku-uku na raba a aljihu uku. Da sassafe muka tashi a motar Yola. Kusa da ni wata Hajiya Larai ce, 'yar kasuwa mai kai turare da mayafai Garwa, ta ce ta fi shekara ashirin tana bin hanyar. Tun kafin mu kai Alkaleri ta lura da ni.

"Ɗan nan, sau bakwai ke nan kana buɗe jakar nan. Zinariya ce?"

"A'a Hajiya, littafi ne."

"Littafi? To ka bar shi ya huta. Ba wanda ya taɓa tare hanya don littafi."

A Gombe aka tsaya cin abinci. Na ce ba na jin yunwa, don ina tsoron abincin tasha ya ɓata mini ciki. Ta saya mini masa ba tare da ta tambaye ni ba, ta tsaya a kaina har na cinye. Daga nan ta sa mini suna ɗan boko, da shi ta kira ni har muka rabu. Bayan Kaltungo taya ta fashe, maza suka sauka taimako. Ni ma na sauka, amma da jaka a rungume, sai direba ya ce in koma gefe kawai in riƙe masa inuwa.

Mun shiga Yola da yamma. Hajiya ta kai ni wani masauki kusa da tasha inda ta saba sauka. Ɗakin ba laifi, sai dai fanka tana juyi tana wani ƙwas-ƙwas, daidai irin wanda na ji a faifan. Na kashe ta na zauna a zafi.

Washegari muka hau ƙaramar mota zuwa Gurin, inda ake tsallake kogi. Ni ban taɓa shiga kwalekwale ba. Na tambayi mai tuƙi ko akwai rigar ruwa, ya dube ni ya dubi kogin, ya sa sandarsa ya nuna mini ruwan bai kai ƙugu ba a wannan lokacin. Mata da kwanduna suka yi ta dariya. Duk da haka na naɗe littafin a leda biyu na ɗora a ka.

A ɗaya gefen, jami'in da ke duba takardu ya kalli fuskata ya yi mini Fillanci. Na gane "jam na" kawai, wato gaisuwa, sauran ya wuce ni. Na tsaya ina murmushin da ba shi da ma'ana.

"Ka yi haƙuri da shi," in ji Hajiya da Hausa. "Bafulatanin Bauchi ne. Shanu sun tafi, yaren ya bi su."

Jami'in ya yi dariya, ya buɗe jakata, ya ga littafin. Yana ganin sunan da ke bangon ciki ya ɗago kai. Da guntuwar Hausarsa ya tambaye ni ko Hamman mai jita ne. Na ce eh. Ya ce mahaifinsa ba ya jin kowa sai shi, suna yara in an sa waƙarsa guda sai a gama cin tuwo a wanke kwano ba ta ƙare ba. Ya mayar mini da littafin da hannu biyu. Ban ji daɗin wannan girmamawar ba, don na san abin da littafin ya je yi.

Garwa gari ne na babura. Abin da ya fara ba ni mamaki burodi. Dogo ne kamar sanda, mai tauri, mutum ya saya ya saƙale a hammata ba leda ba takarda, ya hau babur abinsa. A Bauchi in ka yi haka sai an ce wani abu ya same ka. Da rana kuma wasu shagunan rufewa suke a tafi hutu, ko da mai saye yana tsaye. Hajiya ta kai ni bakin hanya muka ci gasasshen kifi da wani rogo da ake dafawa a naɗe cikin ganye. Ba wanda ya ce mini kwance ganyen ake yi. Na gatsa da shi, na tauna, na haɗiye don kada mai abincin ta ji ba daɗi. Mai abincin ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani.

A nan muka rabu da Hajiya. Ta tsayar mini da ɗan acaɓa, ta faɗi sunan Hamman kawai, ya gyaɗa kai. Da zan hau ta ce, "Ɗan boko, ko mene ne a cikinka, ka faɗa ka huta. Tun Bauchi kake kamar wanda ya haɗiyi allura."

Gidan Hamman ƙarami ne, da bishiyar mangwaro a tsakiya. Matarsa, Dada Asta, ita ta karɓe ni. Shi kuma ya fito, dogo siriri, gashi fari fat. Da na ce daga Bauchi nake, ɗan ƙanwar Sale, sai kawai ya ce a kawo ruwa.

A nan na ga wata al'ada da ta fi tamu tsanani. Mu ma ba ma tambayar baƙo abin da ya kawo shi daga zuwa, amma bayan an ci abinci akan ce, "To, lafiya dai?" Su ba sa cewa. Na kwana, na karya da kunun gyaɗa da burodin nan, na ci tuwo da miyar yakuwa da rana, ba wanda ya tambaye ni. Hamman yana Hausar Bauchi ta shekara arba'in baya. Ya tambaye ni wata silima da aka rushe tun ba a haife ni ba, da wata mai ƙosai a bakin bariki. Sunan Kawu bai fito daga bakinsa ba. Iyakarsa ya ce, "Mutanen Ƙofar Wambai suna lafiya?" Na ce suna lafiya. Sau biyu na sa hannu a jaka, sau biyu na fito da shi ba komai.

Bayan la'asar ta rana ta biyu ya ce in zo ɗakinsa. Jita uku a jingine, tsohuwar rediyo mai cin faifai. Ya sa faifan, kai tsaye ya tafi waƙa ta huɗu. Karo na farko ke nan da na saurare ta ba tare da ina kallon layi ba. Labarin makiyayi ne da ya kai shanu mashaya ya tarar ruwa ya ƙafe. Jita ta yi tafiya, ta yi gudu, ta dawo. A minti na sha huɗu murya ta sauka.

Shiru. Sai ƙwas-ƙwas ɗin nan. Na dubi ƙasa na ga ƙafar Hamman tana buga siminti daidai da shi. Ƙafarsa ce a cikin faifan, yana riƙe wa wani lokaci. Ban taɓa sanin minti ɗaya da rabi yana da tsawo haka ba.

Dada Asta tana bakin ƙofa da tire. "Masu situdiyo sun yi fama da shi," ta ce. "Masu fiyano uku suka kawo, duk ya sallame su. Suka ce mutane za su ɗauka faifan ya lalace. Ya ce su ɗauka."

"Asta," in ji shi, ba tare da ya juya ba. Ta ajiye tiren ta fita.

Da waƙar ta ƙare ya daɗe yana goge faifan da bakin riga. Sannan ya ce, "Ya ji?"

Na ciro littafin. Ban san dalilin da ya sa na fara da shi ba, wataƙila don hannuna ya sami abin yi. Yana ganin baƙin bangon fuskarsa ta sauya. Bai miƙo hannu ba. Ya gane abin da ake nufi in an dawo wa mutum da kayansa. Da na faɗi saƙon yadda aka ba ni, na tashi na tafi, da ba wanda zai taɓa sanin komai. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba.

"Baba," na ce, "bai ji ba. Wato ya ji, amma ba duka ba. Ina jin... ba ina jin ba ne. Ni na yanke wurin."

Na ba shi labarin duka, har da hannun Kawu da ya ɗaga ya sauke, har da cewa na gane tun a zaure na yi shiru. Ina magana ina kallon tabarma.

Ya ce, "Sa mini naka in ji."

Na kunna a waya. Ya kara kunne. Wurin ya zo ya wuce sumul.

"Kai," ya ce. "Ka iya aiki, ɗana. Ni da na yi waƙar ban ji ɗinkin ba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce ko in kira Kawu a waya yanzu su yi magana. Ya girgiza kai. "Shekara arba'in ban kira shi ba, ba zan fara da ba shi haƙuri a kan laifinka ba. Kai ka yanke, kai za ka mayar." Ya tura littafin gabana da yatsa ɗaya. "Wanda ya aiko ka bai ji abin da na ce ba. To wannan ba amsa ba ce. Koma da shi."

Na ce akwai abin da ya kamata ya sani, hannun Kawu na hagu ya shanye.

"Da hannun dama yake yin wurin nan," ya ce.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta sosai. Dada Asta ta cika mini jaka da busasshen kifi da man shanu. Na sake shiga kwalekwale, wannan karon ban tambayi rigar ruwa ba. Daga Yola zuwa Bauchi ina ta shirya jawabin da zan yi, na tsara shi kashi uku, da gabatarwa. Ina shiga zauren Kawu duk ya zube.

Ya ga littafin a hannuna. "Ya ƙi karɓa?"

Na durƙusa na faɗa. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ranar da na ce mayar baya, ka sani?"

"Na yi zargi, Kawu."

"Ban tambaye ka zargi ba."

"Na sani."

"Ka bar ni na kwana da abin nan, ka karɓi littafi, ka tsallake ruwa da shi." Ya kau da kai wajen ƙofa. Na ɗauka korata zai yi. Can ya ce, a hankali kamar ba da ni yake ba, "Jini ne. Ni ma haka na kasa zuwa tasha in buɗe baki." Sannan ya ce, "Kunna."

Na kunna na asalin, wanda ban yanke ba. A minti na sha huɗu murya ta sauka, ƙafar Hamman ta fara bugu. Kawu ya jawo katakon da yake ɗora agogo a kai. Yatsunsa na dama suka fara tafiya a kan katakon, da farko a daddafe, daga baya suka saki. Ba sauti sai na farce. Daidai lokacin da ya ɗaga hannu, daidai nan muryar Hamman ta dawo. Ko daƙiƙa ɗaya ba su saɓa ba.

Ya share fuska da hular da ke cinyarsa. Ni dai ina kallon ƙasa.

"A wurin aikin naku akwai fiyano?"

Na ce akwai ƙarama, zan iya aro.

"Ranar Asabar ka zo da ita, da abin naɗar. Akwai direban da zai koma Garwa." Har yau bai ce ya yafe mini ba, kuma tun daga ranar nan, "mai almakashi" yake ce mini. Na kai bakin ƙofa ya sake kirana.

"Hannun ya tsufa, zan yi kuskure. In ka taɓa ko ɗaya, kada ka sake shigo mini gida."